Gada Mai Ratsin Rawaya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, amma ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a bakin wani kurmi da ke wajejen Bwari ba. Har yau idan ta faɗo min a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Abokan aikina na wancan lokaci sun daɗe suna ba da labarin don a yi dariya, ban kuma taɓa hana kowa ba, domin akwai abin dariya a ciki. Sai dai su rabin labarin suka sani. Ɗaya rabin ni kaɗai nake ɗauke da shi, kuma shi ne mai nauyin.

Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuɗin mai na ta kwararowa, aikin gina sabon babban birni ya kankama. Abujar da kuke gani yau babu ko alamarta, in ban da jar ƙasa da turakun safiyo da katafila tana ta ruri daga safe har yamma. Mu ma'aikata yawancinmu a Suleja muke kwana, kullum mu shigo daji mu koma. Ni kuwa fitowata ke nan daga jami'a, na karanta ilimin dabbobi, aka ɗauke ni a wani ɗan sashe da aka ɗora wa rubuta irin namun dajin da ke yankin kafin a share shi. (Kamar dai a kira mutum ya rubuta kayan ɗaki alhali wuta ta riga ta kama rufi.)

Dole in faɗi yadda nake a lokacin, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. Ina da takalmin daji sabo fil, da wata hula mai faɗin baki da na saya don in yi kama da masu bincike, da wani ƙaton littafi mai hotunan dabbobi da ba ya barin hammatata. A jami'a ni ne gwani a darasin ƙasusuwa. Malaminmu yakan zube su a tebur, ya ɗaure min ido da hankici, in shafa in ce wannan na biri ne, wancan na dila. Ina ji da wannan baiwa ƙwarai, ba na kuma bari a yi hira ta minti goma ban sako ta ba. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi nan gaba.

Aiki ya kai ni wani ƙaramin ƙauye na Gbagyi a gindin dutse. Bayan ƙauyen akwai kurmi, ba shi da wani girma, amma da ka shiga sai ka ji kamar an rufe maka ƙofa: duhu, sanyi, dogayen itatuwa, da idon ruwa da ba ya ƙafewa ko da bazara. Nan matan ƙauyen suke ɗebo ruwa, su ɗoro tulu a kafaɗa kamar yadda suka saba. A gefen kurmin kuma kaburburan iyayensu suke. Taswirar da ke ofishinmu ta nuna wata babbar hanya za ta bi ta tsakiyarsa, ta ɗauke idon ruwan da kaburburan gaba ɗaya. Mutanen ƙauyen sun sani, domin an riga an kafa jajayen turaku har cikin gonakinsu.

Wanda aka haɗa ni da shi ya riƙa shiga da ni daji shi ne Baba Tanko, babban maharbin ƙauyen. Dattijo ne siriri, marar yawan magana, Musulmi, yana jin Hausa irin ta mutanen wurin. Wata biyu muna yawo tare. Ni ina riƙe da littafi, shi yana riƙe da sanda, kuma gaskiyar magana ita ce kusan duk abin da na rubuta a rahotona daga bakinsa ya fito. Shi ya nuna min inda mazo yake kwana, da yadda ake bambanta sawun tunku da na muzurun daji, da dalilin da ya sa idan birai suka yi shiru kai ma ya kamata ka yi shiru. Ni kuma in koma ofis in rubuta "na lura cewa", kamar da idona na gano.

Akwai wani abu da nake gani a ƙauyen amma ban ɗauke shi a bakin komai ba. Duk ma'aikacin gwamnati da ya zo, ba ya komawa haka nan. Masu safiyo sun tafi da doya cike da bayan mota. Masu rubuta gidaje da itatuwa sun tafi da akuya. Ba wanda yake cewa a ba shi, ba kuma wanda yake cewa ga shi na ba ka. Baƙon zai yaba abu ne kawai, ya ce kai, doyar garin nan akwai girma, idan ya zo tafiya sai ya tarar da ita a mota. Ni ina alfahari cewa ban taɓa karɓar komai ba. (Abinci dai ina ci, domin Mama Ladi, matar Baba, ta iya kirɓa sakwara, ni kuma gwauro ne.) Ban taɓa kawo wa raina cewa wata biyun nan Baba jira yake ya ji ni kuma abin da zan yaba ba.

Wata rana muna cikin kurmin na ga wani sawu a taɓo, irin na gada amma ya yi girma da yawa. Na tsuguna ina aunawa. Baba ya tsaya a kaina ya duba, ya ce, "Tsohuwa ne."

Na ce, "Wace tsohuwa, Baba?"

Ya ce in zo washegari da sassafe, kada in sa turare, kada in zo da takalmin nan mai ƙara.

Na zo bayan sallar asuba. Muka zauna a kan wani faɗaɗɗen icce kusa da wani ɓaure, birai na sama suna ci suna zubarwa. Mun daɗe, har ƙafata ta yi sanyi. Sai Baba ya taɓa gwiwata. Ta fito daga duhun ganye a hankali, kanta a ƙasa, bayanta a ɗan tanƙware. Baƙa ce wuluk, ta fi babban rago girma, da gajerun ƙahoni da wani ɗan tukku ja a tsakaninsu. A gadon bayanta kuwa akwai wani ratsi rawaya, ya faro siriri ya yi faɗi wajen ƙugu. Ta tsinci ɓauren da birai suka zubar, ta goga gefen fuskarta a jikin wani ɗan icce, sannan ta ɗago kai. Ban san ko numfashina ta ji ba. Gashin ratsin nan ya miƙe tsaye, ta yi tsalle ɗaya, shi ke nan.

Na san ta a littafi. Gada ce ta manyan dazuzzukan kudu, samunta a ɗan kurmi irin wannan abu ne da ba kasafai ake ji ba. Hoto kuwa ban ɗauka ba, domin kyamarar sashenmu ɗaya ce, kuma wani babba ya tafi da ita bikin 'yarsa.

A hanyar komawa Baba ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun da na san shi. Ya ce tun yana saurayi mahaifinsa ya ce masa irin wannan dabba ba a harbinta a kurminsu, a bar ta. Da su biyu ne, mace da namiji, sai bara namijin ya faɗa tarkon waya na wasu leburorin kwangila. Ya ce ya san inda take kwanciya da rana, ƙarƙashin wani icce da iska ta kayar, ya san lokacin da take komawa gindin ɗinya da lokacin da take bin kanya.

"Ni ya san shi, shi ma ya san ni," in ji Baba. "In ya ga ni, ba ya gudu da nisa."

Kun san me nake yi yana wannan magana? Ina tsara yadda sunana zai fito a mujallar masana.

Washegari na shiga ofishin Daraktanmu, wani dattijo ɗan Katsina da ya yi shekaru a aikin gandun daji, mutumin kirki, marar son hayaniya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce a tsarin birnin an bar ƙofa: inda aka samu abin da ya cancanci a kiyaye, ana iya kewaye shi a karkatar da hanya. Amma injiniyoyi ba sa karkatar da hanya saboda labari.

"Ranar Alhamis ta sama zan zo da Injiniya, kyamara ma ta dawo kafin nan," ya ce. "Idan muka gan ta da ido, zan sa hannu, kurmin nan ya tsira. Idan ba mu gani ba, kada ka sake kawo min maganar."

To, a nan ne na yi abin da na yi. Ya kamata in koma in zaunar da Baba in ce masa: ga yadda ake ciki, muddin dabbar nan na raye a kurmin nan, kurminku da ruwanku da kaburburanku sun tsira, saboda haka a kiyaye ta fiye da da. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Ban faɗa ba. Na gaya wa kaina wai ina tsoron kada labari ya bazu wasu maharba su ji. Akwai wannan, amma kaɗan ne. Babban dalilin shi ne ina tsoron kada wani abokin aikina ya ji ya riga ni, sannan kuma (wannan ne ya fi yi min wuyar faɗa) a raina ban ɗauka tsohon zai gane zancen kiyaye namun daji ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kiyaye dabbar nan ba tare da albashi ba, shi nake ganin ba zai gane ba.

Abin da na yi shi ne na buɗe littafina a ƙofar gidansa, na ɗora yatsa a kan hoton.

"Baba, wannan nake so. Idan na samu wannan, maganar hanya ta mutu."

Ya dubi hoton, ya dube ni. "Wannan?"

"Ita."

"Malam, akwai mazo. Akwai gada ƙanana-ƙanana. Ko gwanki ne, in an bi bayan dutse za a samu."

Na yi dariya, na ce, "Haba Baba, me zan yi da mazo? Ita kaɗai. Manyana ma saboda ita za su zo ranar Alhamis."

Sai ya tambaye ni ko na tabbata hanya ba za ta bi ba. Na bugi ƙirji na ce na tabbata.

Ya ce, "To."

Mutum ya miƙo maka mazo, ya miƙo maka gwanki a madadin abin da ka nema, ai ko ɗan firamare ya san abin da ake magana a kai. Ni mai digiri ban sani ba. Na rufe littafina na tafi ina fito.

Ranar Laraba bayan la'asar na koma ƙauyen don mu tsara yadda za mu shiga da baƙi. Na tarar da gidan shiru. Baba na zaune a kan turmi, ya amsa gaisuwata a gajarce. Kafin in fara magana Mama Ladi ta shimfiɗa min tabarma, ta ajiye sakwara da wani kwano cike da nama, miya ja tana ta ƙamshi. Ba ta tsaya mun yi wasan da muka saba ba, ta juya ta shige.

Ni mutum ne mai kiyaye addini, saboda haka na yi tambayar da ta dace. "Baba, an yanka?"

"Da hannuna. Na yi bisimilla."

Shi ke nan hankalina ya kwanta. Na ce ya matso mu ci, ya ce cikinsa ba daɗi. Na naɗe hannun riga. Wallahi ban taɓa cin nama mai daɗin wannan ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke damuna har yau. Na ci, na tsotse ɓargo, na tauna guringuntsi. A raina na yanke cewa ɗan maraƙi ne, ban ko tsaya tunanin inda maharbi zai samo ɗan maraƙi a ranar da ba kasuwa ba. Da kwanon ya yi ƙasa na ɗaga murya na ce, "Mama, in akwai saura ba zan ƙi ba." Ta ƙaro.

Ina ci ina yi wa Baba lacca. Na riƙe wani dogon ƙashin ƙafa a hannu, ina nuni da shi kamar alli, ina bayyana masa yadda gadar nan take rayuwa, abin da take ci, da yadda ƙafafunta na gaba suka fi na baya gajarta don ta ji daɗin kutsawa cikin sarƙaƙiya. Ni da ake ɗaure wa ido in gane ƙashi. Ga shi ido buɗe, rana ba ta faɗi ba, ƙashin yana hannuna, har na lashe shi.

Da na zo tafiya na tarar da cinya guda, an fara bandarta, an naɗe a ganye an ajiye a bayan mota. Ni da ba na karɓar komai, na ce ai wannan abinci ne, ba kyauta ba. Da na isa Suleja kuma sai wata dabara ta zo min: gobe rana ce babba, bai kamata Darakta ya fito da baƙin rai ba. Na biya ta gidansa na miƙa cinyar a ba uwargida, ban ce komai ba, su ma ba su tambaya ba. Wato abin da nake raina mutanen safiyo a kai, na yi shi tsaf, ba tare da kowa ya koya min ba.

Da sassafe ranar Alhamis muka isa, mota biyu. Darakta ya sa kayan daji, Injiniya kuma, wani Bayarabe mai ƙiba da yawan raha, yana riƙe da taswira a naɗe. Ni na rataya kyamara. Mutanen ƙauyen sun taru a ƙofar gidan Baba, maza da mata, domin labari ya zaga cewa yau za a kashe maganar hanya. Da na ga taro sai bakina ya buɗe. Na yi jawabi. Na faɗi sunan dabbar na boko, na faɗi yadda na bi sawu "bayan dogon nazari", na ce abin da za su gani yau ba kowane masani ne ya taɓa gani ba. Sannan na juya da fara'a.

"To Baba, kai mu wurinta."

Baba ya dube ni kamar bai ji ba. Na sake faɗa. Sai ya shiga ɗaki, ya fito da wani abu a naɗe, ya tsuguna gaban Darakta ya warware shi a kan tabarma. Fata ce baƙa, ɗanya, an shafe cikinta da toka. Ratsin rawayan nan yana kwance a tsakiya. A gefe ya ajiye ƙahoni biyu da ɗan tukkun ja.

"Ranka ya daɗe, na manya ke nan, fata da ƙaho," ya ce. "Nama kuwa ɗanku ya ci jiya. Har ya ce a ƙara."

Na ji wata kaza tana tono a bayana, na ji madaurin kyamara yana cin wuyana. Darakta ya dubi fatar, ya juyo a hankali ya dube ni.

"Cinyar da aka kai gidana jiya?"

Na gyaɗa kai.

"Da ita na karya kumallo," ya ce, ba da ƙarfi ba.

Nan Injiniya ya fashe. Ya yi dariya har ya dafa mota, hawaye na zuba, yana cewa, "Oga, kai da yaronka kun cinye shi duka! Ni ko romo ba a ba ni ba!" Direbobi suka kama. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Amma mutanen ƙauyen ba wanda ya yi dariya, suna ta kallon fuskokinmu ne suna neman su gane ko an dace ko ba a dace ba.

Darakta ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya tsuguna daidai Baba, ya tambaye shi ko akwai wata irinta a kurmin. Na kafe Baba da ido, ina roƙonsa a zuci ya ce akwai, ko ɗaya, ko a bayan dutse, mu samu ko wata guda mu nema. (Dubi inda na kai: na cinye dabbar, yanzu kuma ina so tsoho ya yi ƙarya don ya rufa min asiri.)

Baba ya girgiza kai. "Shi kaɗai ya rage."

Sai Darakta ya yi masa bayanin da na kasa yi. Cikin Hausa mai sauƙi, a taƙaice, ya ce da dabbar na raye da an bar kurmin dominta, amma ba a karkatar da hanya saboda fata. Na ga lokacin da maganar ta shiga. Baba ya zame daga tsugunno ya zauna a ƙasa, ya ɗora tafin hannu a kan ratsin rawayan.

"Da rai kuke so?" ya ce. "Ai da rai yake. Shekara da shekaru da rai yake. Ni ya bar shi."

Sannan ya ɗago ya dube ni. Tun da muka haɗu Malam yake ce min, ran nan ne kaɗai ya canza.

"Ɗana, me ya hana ka gaya min?"

Babu faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai, kuma ya jira amsa. Abin da ya fito daga bakina, don in ƙara wa kaina kunya, shi ne, "To Baba, kai me ya sa jiya ba ka ce min ita ce ba?"

"Irin wannan ba a faɗa," ya ce. "Kuma na ce ai kai masani ne. Ka san abin da kake ci."

Daga baya Mama Ladi ta gaya min yadda aka yi. Kwana uku Baba bai ci abincin kirki ba. Ran Talata ya je kabarin mahaifinsa ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗauki bindiga ya shiga kurmi. Bai sha wahala ba, domin ba ta gudu da nisa ba. Ya auna dabba ɗaya da ruwan gari da kaburburan iyaye, ya ga dabbar ce za ta tafi, tun da ita mutumin gwamnati ya yaba.

A hanyar komawa Darakta bai yi min faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai in rubuta abin da ya faru a rahoto. Na rubuta layi ɗaya: an tabbatar da akwai wannan dabba a yankin har zuwa makon da ya wuce. Sunana dai bai fito a mujallar kowa ba. A ofis kuwa na shekara ba ni da sakat. Da na shigo kantin cin abinci sai wani ya ɗaga murya, "Masani, me ka gano yau? Mu ɗora tukunya?"

Kafin damina ta zagayo katafila ta shiga kurmin. Ban je na gani ba, na ce ina da zazzaɓi. An kwashe mutanen ƙauyen zuwa wani sabon matsuguni mai gidajen kwano a jere, inda ruwa sai an jira tanka. Na yi wata da watanni kafin in iya zuwa gaishe da Baba. Na je da jawabin ban haƙuri da na tsara tun daga Suleja, amma bai bar ni na kai rabi ba. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, Allah ya riga ya rubuta. Ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙahonin nan biyu ya sa min a hannu, ya ce in ajiye, tun da ni ne mai rubutawa, a san dai an taɓa yin irinta a kurminsu. Mama Ladi ta kawo abinci. Loma biyu na yi na tsame hannu.

Ƙahonin suna kan teburina har yau. Daga baya na koma koyarwa, na yi shekaru ina fita da ɗalibai daji, kuma kafin kowa ya buɗe littafi nakan sa shi ya zauna da wanda zai yi masa jagora, ya gaya masa abin da ya zo nema da dalilin da ya sa yake nemansa, dalla-dalla, ya kuma saurari amsa. Ɗalibai suna ganin ɓata lokaci ne. Ba na gaya musu dalili sai a shekarar ƙarshe, su ma dariya suke fara yi.

Hanyar tana nan, mai kyau ce, ina binta idan za ni Bwari. Daidai inda nake zaton idon ruwan yake akwai wurin wankin mota yanzu. Nakan rage gudu a wurin, na baya su yi ta danna min oda.

Na fita daga jami'a ina jin cewa ilimi shi ne ka gane ƙashi ido rufe. Kwano ɗaya ya ishe ni in gane cewa mutum yana iya sanin sunan kowace dabba a littafi, ya kuma kasa yi wa dattijon da ke zaune a gabansa magana ta numfashi biyu. Har gobe idan aka ajiye min nama ina tambaya ko an yanka. Amma yanzu ba na kai hannu sai na ji me aka yanka, da kuma abin da na faɗa har aka yanka shi.